Wasan da Ban Bar wa Zobe Ba

Taubashina bai taɓa yi mini gaisuwar mutunci ba sai bayan da na cuce shi. Kafin nan, in ya zo garajina, tun daga bakin ƙofa yake ɗaga murya: "Ina bawan gidanmu? Har yanzu mota ba ta faɗo masa a ka ba?" Ni kuma daga ƙarƙashin motar da nake kwance sai in ce, "Jama'a, ku ɓoye abincinku, fara ta sauka." Shi ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonsa, damina ɗaya ce tsakaninmu. Tun muna rarrafe manya suka ba mu izinin zagin juna, mu kuwa ba mu bar izinin ya tafi a banza ba. A gaban surukansa na taɓa cewa hancinsa yana riga shi yin sallama. Ranar sunan ɗana na fari ya miƙe cikin taro ya ce a yi wa Allah godiya, jaririn ya biyo uwarsa. Duk Agadas an san mu da haka. In an ga ɗayanmu shi kaɗai a kasuwa sai a tambaye shi ina ya baro maƙiyinsa.

A shekarun farko na mulkin kai ne abin ya faru. Nasara suna tattara kayansu, abin da ba su iya ɗauka ba suna yin gwanjonsa. Kawu madugu ne, ya tsufa yana kai ayarin gishiri Bilma yana dawowa. Ya duba ya ga inda duniya ta sa gaba, sai ya sayar da raƙumansa duka, ya bar taguwa biyu saboda nono, ya saya wa ɗansa kamyo guda, wato babbar motar kaya, daga cikin na soja. Ba wauta ya yi ba. Taubashina ya daɗe yana shofer a hannun soja, ya san hanyar Kawar, yankin su Bilma, kamar yadda ubansa ya san ta a kan raƙumi. Bai iya karanta ko harafi ɗaya na boko ba, amma yana iya kwantar da kunne a jikin mota ya gaya maka abin da ke damunta. Gidan kawu gaba ɗaya, da matansa da jikokinsa, a kan ƙafafun wannan kamyon suka koma.

Ni kuma na yi shekara huɗu a lekol, wato makarantar boko, daga nan na shiga garajin gwamnati a hannun wani Anasara mai jan wuya. Da zai tafi ya rubuta mini takardar shaida, ya bar mini akwatin kayan aikinsa da wani littafi mai maiƙo. Da su na buɗe nawa garajin a gefen tasha, fili ne da rumfar tabarmi da rami guda. Takardar na sa ta cikin gilashi na rataye a jikin ginshiƙin rumfar, inda duk mai shigowa zai gan ta. Shekara huɗu ba wani karatu ba ne. Amma a lokacin, a tasharmu, wanda ya iya karanta lambar da ke jikin ƙarfe malami ne, ni kuwa na sha wannan ruwan har ya hau mini kai.

Kamyon ya yi tafiya uku ko huɗu lafiya, sannan ya fara hayaƙi. Moter ɗin, wato injinsa, ya tsufa tun a hannun soja. Yana shan mai kamar rijiya, in an tayar da shi da safe sai baƙin hayaƙi ya rufe rabin tasha. Na yi masa ƴan gyare-gyare sau biyu, hayaƙin bai daina ba. Taubashina ya samu abin yi. Duk wanda ya yi tari a tasha sai ya ce, "Sannu. Aikin bawanmu ne. Shi ba mota yake gyarawa ba, turare yake haɗawa." Ana dariya, ni ma ina yi. Amma wata rana ya faɗa a gaban wani ɗan kasuwa da nake neman ya riƙa kawo mini motocinsa, mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, wannan karon ni ban yi dariya ba. Na ce masa ya kawo motar a sauke moter ɗin gaba ɗaya. Na rantse a gaban mutane cewa in ta fita daga hannuna, ko hayaƙin da ya kai na taba ba za a ƙara gani ba.

Sai da muka jira kusan wata biyu kafin kayan su zo daga Damagaram. Cikinsu har da zobban fistan, naɗe cikin takarda mai maiƙo.

Zoben fistan ba kamar zoben yatsa yake ba. Yana da baki, wato an tsaga shi a wuri guda. Shi ne yake kama jikin ramin da fistan yake hawa da sauka a ciki, ya hana wuta zubowa ƙasa, ya hana mai hawa sama. Sababbin zobban sukan zo da ɗan tsawo, sai mai gyara ya rage su da hannunsa. Ka ɗauki zobe, ka matse shi ka sa a ramin, ka juya fistan ka tura shi da kansa har ya zauna daidai, ba karkace. Sannan ka duba tsakanin bakin nan biyu. Dole a samu ɗan fili. Ana auna filin da kal, wasu siraran ganyayen ƙarfe da ke haɗe kamar wuƙar aljihu, kowane ganye da lambarsa. In ganyen da ake so bai shiga ba, ka ciro zoben, ka goga bakinsa a magagari, daga waje zuwa ciki, sau biyu ko uku kawai, ka share, ka mayar, ka sake aunawa. Abin da ka goge ba ya dawowa. Moter mai rami shida, kowane fistan da zobbansa, aikin yini biyu ne ga mai haƙuri.

Anasaran da ya koya mini yana kiran wannan filin jeu. Da muka tambayi tafinta ma'anar kalmar ya ce wasa ke nan. Shi ke nan ta zauna a bakinmu. A garejin Agadas har yau za ka ji ana cewa wannan ƙarfen ya yi wasa, wancan ba shi da wasa. Littafin ya ce wasan zoben wannan moter daga ganyen arba'in ne zuwa sama. Na karanta da idona. Ba zan ce ban gani ba.

Sai dai na zauna na yi wani lissafi nawa. Na ce ta wannan filin ne hayaƙi yake samun hanya. In na rage shi, hayaƙi ya rasa ƙofa, moter kuma ya ƙara ƙarfi. Na ce Nasara ragwaye ne, suna barin fili mai yawa don kada su wahala da aunawa. Na ɗauki ganyen ashirin.

Ina tsakiyar aikin a rana ta biyu, wajen hantsi, taubashina ya shigo da butar shayinsa da gawayi a cikin gwangwani. Haka yake yi kullum in motarsa tana hannuna, wai ya zo gadin kayansa kada ɓarawo ya rage. Ya hura wuta, ya ɗora buta, sannan ya zo ya leƙa cikin ramin da na sa wa zobe. Ya daɗe yana leƙawa. Ya sa farcen babban yatsansa a bakin zoben.

"Kai bawa," ya ce, "ina wasan?"

"Ga shi nan, makaho."

"Wannan? Ko gashin gemunka ba zai shiga nan ba, kuma duk garin nan ba gemun da ya kai naka tsiya."

"Je ka kula da shayinka, yana zuba."

"Ka bar musu wasa, na gaya maka. Can ba nan ba ne. In muka shiga yashi ƙarfe miƙewa yake yi. Masu gyaran soja in mota za ta Kawar har ƙara ganye ɗaya suke yi a kan na littafi."

"Wane littafin? Wanda ka karanta?"

Mutum uku ko huɗu da ke zaune a inuwar rumfar suka kwashe da dariya. Na ji daɗin dariyar. Na ɗaga kal ɗin sama na ce, "Ni ba na wasa a aikina. Wasa naku ne, ku ƴan gidan kawu, shi ya sa kuka sayar da raƙuma kuka sayo murhu."

Shi ma ya yi dariya, har ya buga cinya. Ya ce, "Allah ya isa tsakanina da wanda ya kai ka lekol." Ya koma wajen butarsa, ya zuba mini kofin farko mai ɗaci, ya ce in sha ko Allah ya sa kaina ya buɗe.

Na yi shekaru ina juya wannan hantsin a raina. Gaskiya ya gaya mini, tsirararta. Amma da muryar da yake ce mini bawa ya faɗe ta, da fuskar da yake cewa ina haɗa turare. Shekara talatin ban taɓa jin wata magana daga bakinsa da na ɗauka da nauyi ba, kuma ban taɓa ba shi amsa ba sai da zagi. In na ajiye kal na ce masa, "Tsaya, me ka ce masu gyaran soja suna yi?" to a gaban mutanen nan na faɗi ke nan, ya ci ni. Tsakanin taubasai ba a yarda a faɗi. Shi ma abin da ya hana shi matsawa ke nan. In ya ɓata fuska ya ce da gaske yake, ya zama wanda ya fara fushi, wanda ya fara fushi kuwa shi ne bawa. Sai muka bar maganar a matsayin raha, na ci gaba da goge zobba a kan ganyen ashirin. Na yi su da kyau ƙwarai. Kowane baki a miƙe, na kashe kaifinsa, na jera su a jikin fistan ina karkata bakin kowane zobe zuwa wani gefe dabam kada su haɗu a layi ɗaya. Ban taɓa yin aiki mai tsabta kamar wannan ba.

Ranar da muka tayar da moter ɗin da sauran sanyi a gari. Bugu ɗaya ya tashi. Ba hayaƙi. Na sa farin ƙyalle a bakin bututun hayaƙin na ɗaga wa mutane, fari fat. Muka zaga gari, muka bi ta gaban babban masallaci, muka fita hanyar filin jirgi muka dawo. Taubashina yana tuƙi yana karkata kai yana saurare.

"Yaya?" na ce.

"Tana magana kamar amarya. Ban yarda da ita ba."

"Faɗi dai. Ka ce ubangidana ya iya."

"Makaho ma yakan tsinci allura," in ji shi.

Ya yi ƴan ƙananan tafiye-tafiye kusa da gari, ba abin da ya faru. Da zafi ya fara shigowa ya samu lodin Dirku, can cikin Kawar: gero, sukari, shayi, atamfa, da tano-tanon gazwal, wato gangunan man mota. Motoci biyu suka tashi tare, don ba mai shiga hamadar Tenere shi kaɗai. Na raka su bakin gari. Ya leƙo ta taga ya ce in ya dawo zai kawo mini dabino, wanda tsutsa ta fara ci, don shi ya dace da ni.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka ɗaya motar ta dawo da labari. Sun wuce itacen nan guda da ke tsakiyar Tenere, sun sha ruwa a rijiyarsa, sun shiga yashi mai laushi. Tun hantsi har rana ta take suna ja da ƙaramin bitas, wato giya, suna shimfiɗa falankan ƙarfe da ake kira tol a ƙarƙashin ƙafafun mota, su matsa kaɗan, su sake shimfiɗawa. Ana cikin haka moter ɗin taubashina ya yi ƙara sau ɗaya, kamar an buga guduma a cikin tukunya, ya tsaya cik. Ɗaya motar ta kwashe mutane da abin da za ta iya na kaya ta wuce Dirku. Shi ya ƙi barin motar ubansa. Ya zauna a inuwarta da salka biyu da rabin tano na ruwa har suka dawo ta kansa. Kwana shida. Jan kamyon zuwa gida kuma sai da aka haɗa motoci biyu, aka yi kusan wata ana fama.

Da ya iso ya rame, leɓɓansa sun tsage. Duk da haka da ya gan ni sai da ya ce, "Ga amaryarka nan, ta yi yaji." Muryar ba ta fita sosai, amma ya faɗa. Na ce masa wa ya sani ko ango ne bai iya riƙo ba. Wannan ce musayar ƙarshe da muka yi irin ta da.

Ranar Juma'a na buɗe moter ɗin. Na bari sai da tasha ta watse, kowa ya tafi masallaci, ni ban je ba. Da na ɗaga kan moter na ga saman fistan biyu sun ɓare. Na ciro su. Jikin ramukan duk ya karce, kamar an ja ƙaya a kan fata. Na tsinci guntayen zobba na duba bakinsu a rana. Bakin da na goge da magagari ya kamata ya kasance da ɗan kaushi. Waɗannan suna ƙyalli kamar azurfar da maƙeri ya gama wankewa. Sun ji zafi sun miƙe, baki ya haɗu da baki, suka yi ta gugar juna, da suka rasa inda za su sai suka kama jikin ramin suka fasa fistan. Ko wanda ya yi wata uku a garaji ya ga wannan ƙyallin ya san abin da ya faru.

Na tattara guntayen duka na zuba a aljihu. Da yamma na jefa su a wata tsohuwar rijiya da ke bayan unguwarmu.

Washegari tasha ta taru a rumfata, shofer-shofer da ƴan kasuwa da dillalai, har kawu ya zo da sandarsa. Aka ce, to malam, me ka gani? Taubashina yana tsaye a jikin ginshiƙi. Na nuna musu ramukan da suka karce. Na ce wannan aikin zafi ne, kuma ban yi ƙarya ba a nan. Sai wani dillali ya ce, zafin me? Da na yi shiru ma da ya fi. Na ce, "Moter in an bar shi ba ruwa, haka yake yi."

Kawu ya juya ya dubi ɗansa. Taubashina ya dube ni, ni kaɗai. Shi ya san ya cika radiyater a rijiyar itacen nan da hannunsa, ya san ya duba ta a kowace tsayawa. Ya san na san ba ya wasa da ruwa. Na jira ya ce ƙarya nake, ya ce a kawo zobban a gani, ya tuna wa mutane abin da ya faɗa mini da hantsin nan. Akwai shaidu a wurin, biyu daga cikin masu dariyar ranar suna zaune. Ba zai tsaya a tasha ya kunyata ɗan gwaggonsa da gaske ba. Ya kama hannun ubansa suka tafi.

Ana cewa ƙarya fure take ba ta ƴaƴa. Tawa ta yi ƴaƴa. Ni ne mai takarda a gilashi, shi kuwa bai iya rubuta sunansa ba, sai aka ɗauki tawa. Kafin sati ya zagayo sunansa ya zama shofer ɗin da ya ƙone moter a Tenere. Kamyon bai sake tashi ba, don ba a samu ramuka da fistan irin nasa ba ko a Yamai. Aka yi ta cire masa kaya ɗaya bayan ɗaya ana sa wa wasu motoci, har ya rage ƙashi a bayan gidan kawu, awaki suna kwana a ƙarƙashinsa. Masu motoci suka daina ba taubashina tuƙi. Wa zai ba mai manta ruwa motarsa ya shiga hamada da ita?

Kwana uku bayan taron muka haɗu a ƙofar gidan innata, mahaifiyata, ya zo gaishe ta. Na shirya abin da zan ce masa tun daga nesa, wani zagi ne a kan ramarsa. Kafin in buɗe baki ya ɗan rusuna ya ce, "Ina kwana, Malam. An tashi lafiya? Yaya iyali? Yaya aiki?"

Na ce, "Kai, wane ne malam?"

"Allah ya taimaka," ya ce. "A gaida gida." Ya wuce ciki.

Haka ya ci gaba. Bai ƙaurace mini ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba. In an yi suna ko rasuwa a dangi yana zuwa, ya ba ni hannu biyu, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. In na shigo zaure ya matsa mini wuri a tabarma. Na gwada tsokanarsa sau da yawa. Na taɓa ce masa a gaban dangi hancin nan dai bai ragu ba, ya yi murmushi ya ce, "Haka Allah ya yi shi, Malam." Innata ta lura. Ta kira ni ɗaki ta ce, "Me ka yi wa ɗan wana?" Na ce ba komai, girma ne ya zo masa. Ta dube ni ta ce girma ba ya zuwa wa mutum rana ɗaya.

Bayan rasuwar kawu ya kwashe iyalinsa ya koma Dirku, dangin matarsa suna da gonar dabino a can. Garajina kuwa ya bunƙasa. Motoci suka yawaita, na yi rumfar kwano, na ɗauki ma'aikata. Duk zoben da ya bi ta hannuna daga ranar nan na ba shi wasansa har da ƙari, in motar Kawar za ta in ƙara ganye ɗaya, in an tambaye ni dalili in ce haka masu gyaran soja suke yi. Ban taɓa faɗin wanda ya gaya mini ba. Mutane suna girmama ni, kowa malam, kowa ranka ya daɗe. Wani lokaci ina kwance a ƙarƙashin mota in ji takun mutum a bakin ƙofa, sai in tsaya da aiki in saurara. Sai in ji an yi sallama a hankali.

Shekara tara ban gan shi ba, sai da innata ta rasu. Ya zo a bayan wata motar dabino, ya yi furfura, ya zauna makoki tare da mu. Bayan sadakar bakwai na same shi shi kaɗai a zauren kawu da la'asar, yana ɗaure kayansa. Na zauna. Na daɗe ina kallon igiyar da yake ja.

Na ce, "Ba ruwa ba ne. Zobban ne. Ganyen ashirin na sa."

Bai daina ɗaurin ba. Ya ce, "Na sani, Malam. Ai ina wurin."

"Na ga bakinsu. Na jefa su a rijiya."

"To."

"Ka yafe mini."

"Na yafe maka tun ina zaune a ƙarƙashin motar. Kwana shida, ba abin yi, sai na yafe wa kowa." Ya ja igiyar ya ƙulle. "Zobban kuskure ne. Kowa yana yi."

Na gane sauran: maganar ruwan ba kuskure ba ce. Na ce masa, "To ka zage ni mana. Don Allah. Ko sau ɗaya."

Ya ɗago ya dube ni sosai, kamar mai neman inda zai kama. Na ga ya gwada. Sannan ya girgiza kai ya ce, "Ba ya zuwa. Ba ƙi nake yi ba." Can kuma ya ce, "Ni ba ni ka gaya wa maganar ruwa ba. Tasha ka gaya wa."

Da safe motarsa za ta tashi. Na riga shi zuwa tasha. Ba tashar da na sani ba ce a wancan lokacin, ta ninka, yawancin shofer-shofer ɗin samari ne da suka zo daga kudu. Dillalin da ya yi mini tambayar ya rasu. Na jira har aka gama lodi, fasinjoji suka hau saman kaya, taubashina a cikinsu, ya naɗe rawaninsa ya bar ido da hanci. Sai na hau kan wani tano na ɗaga murya. Na ce jama'a su saurara. Na ce shekarun baya na tsaya a wurin nan na ce wannan mutumin ya bar moter ba ruwa, ƙarya na yi, ni na matse zobba, ya gargaɗe ni na ƙi ji. Na ce a duk ƙasar Abzin ba a yi shofer kamarsa ba.

Mutane suka tsaya suna kallona. Wata mai sayar da fura ta tambayi na kusa da ita ko lafiya. Wani tsohon ɗan kasuwa da na tabbata yana rumfata a ranar ya matso, ya kama kunnensa ya ce, "Wace mota kuma, Malam?" Na sake bayani. Ya ce, "Oho. Allah ya kyauta." Ya koma wajen buhunansa.

Shofer ɗin motar ya gaji da jira, ya tayar da moter. Tsohuwar mota ce mai ƙara, ba ka jin ko muryar kanka. Ina nan a kan tano ban sauka ba. Na ga taubashina ya ja rawanin ƙasa daga bakinsa, ya nuna ni da hannu, ya faɗi wata magana. Mutanen da ke zaune kusa da shi a saman kayan suka fashe da dariya, ɗayansu har ya riƙe igiya kada ya faɗo. Dukansu ni suke kallo. Na san irin wannan dariyar, zagina ya yi irin na da, ni kuwa ban ji ba.

Na yi tsalle na sauka, na bi motar ina cewa, "Me ka ce? Kai! Me ka ce?" Ta riga ta fita ƙofar tasha. Na bi ta da gudu har kwanar kasuwar dabbobi, numfashina ya ƙare.

Bai sake zuwa Agadas ba. Shekara biyu bayan haka aka aiko mana da rasuwarsa. Na tambayi shofer ɗin motar da ya dawo, ya ce shi yana gaba, bai ji komai ba. Fasinjojin mutanen Kawar ne da na Segedin, ban san ko ɗaya a cikinsu ba. Na daɗe duk motar da ta zo daga can ina zuwa in tsaya wajen masu sauka, in tambaya ko akwai wanda ya taɓa hawa mota ɗaya da wani dattijo mai dogon hanci, ranar da wani mutum ya hau tano a tasha yana ihu. Ban samu wanda ya tuna ba.